MAIGIDA, SAI KA FAƊI SANNAN ZA A KAI KA ASIBITI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Makon da ya wuce na sallaci gawar wani bawan Allah da ba ya rasa sahun farko a masallacinmu a Kaura Namoda. Bai kai shekara hamsin ba. Wata uku yana fama da ciwon kai da jiri, in na tambaye shi sai ya ce, "Ba komi Malam, gajiyar gona ta." Kullum ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyi. Daren da ya faɗi bakinsa ya karkace, aka auna aka tarar jininsa ya hau ƙwarai, aka ce sai Gusau. Babu direban da ya yarda ya hau hanya a wannan lokaci. Kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Allah Ya jiƙansa.

Ni ma da nawa laifin. Sau uku ina ce masa "Allah Ya sawwaƙe", ban taɓa cewa "tashi mu je a auna ka" ba.

Na sani ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma ya 'yan'uwana, ajali sirrin Allah ne, abin da za a tambaye mu shi ne sababin da aka ba mu muka ƙi riƙo. Ku duba halinmu mu maza. Yaro ya yi zazzaɓi, ka ɗauko babur. Maiɗaki tana naƙuda, ka ci bashi. Kai kuma wata shida kana tashi fitsari sau biyar a dare, ko ƙaba ta sauko maka, ka ɗaure ka yi shiru, ranar Alhamis ka je kasuwar Shinkafi ka sayi gora ɗaya wajen mai lasifika, wadda wai ita ce maganin basir da sanyi da shawara gaba ɗaya. Sannan ka kira wannan tawakkali.

Wallahi ba haka magabata suka fahimci tawakkali ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani, ya umurce su da su nema, ya sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani in ban da tsufa. Shi da kansa an yi masa ƙaho, ya kuma biya mai ƙahon ladansa. Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. To wane ne cikinmu ya fi Umar jarunta?

In muka faɗi gaskiya, abu uku ke hana mu.

Na farko kunya. Namiji ba ya son a ji yana da matsalar fitsari ko ta iyali. Malamai sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon larura. Ka nemi likita namiji in akwai, in babu, larurar ta wadatar.

Na biyu kuɗi, kuma ban raina wannan uzuri ba. Na san gonakin da yawa cikinku ba su nomuwa saboda 'yan bindiga. Amma awon hawan jini minti biyu ne. Awon suga ɗigon jini ɗaya ne. Maganin tarin fuka kyauta gwamnati ke bayarwa, wata 6 ana sha. Kwatanta wannan da kuɗin jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da sayar da shanun huɗa, da yaran da za a cire daga makaranta.

Na uku tsoro: "kada a gano mini wani abu." Ɗan'uwa, abin yana nan ko an gano ko ba a gano ba.

Mu mutanen wannan yanki jinkiri ya fi mana tsada. Mutumin Kano in ciwo ya tashi ƙarfe biyu na dare zai iya isa asibiti. Kai da ke ƙauyen Zurmi ko Shinkafi, ka san hanya tana da lokacinta. Kuma ba mu manta sanƙarau na ƙarshen 2016 zuwa 2017 ba, wanda ya faro daga ƙaramar hukumar Zurmi ya ci rayuka sama da dubu a ƙasar nan. Irin wannan cuta sa'o'i take ƙirgawa. Akwai babban asibiti a Kaura, akwai a Shinkafi, akwai a Zurmi. Ka je da ƙafarka da rana tsaka.

Ga abin da nake roƙo. In ka kai 40, ka auna jininka da suga ko da lafiyarka lau. In awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama, ka ga likita, kuma kada ka bar magani don ka ji sauƙi. Tarin da ya wuce mako 2, jini a fitsari ko bayan gida, rama ba dalili, ciwon ƙirji, zazzaɓi mai sanƙarewar wuya: waɗannan ba na kemis ba ne. Ka yi addu'a, ka yi ruƙya, ka sha zuma da habbatus sauda, sannan ka je a duba ka. Babu karo a tsakaninsu.

Jikinka amana ne, kuma iyalinka suna da haƙƙi a cikinsa. Ni dai Litinin ɗin nan bayan sallar Asuba zan je a auna ni, wanda zai bi ni ya tsaya a ƙofar masallaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. A tura wa wani maigida da kuka san yana ɓoye ciwo.

Wallahu a'alam.