Hukuncin Gaskata Maganar Kirista Kan Dawowar Annabi Isa (AS)

Tambaya: Mene ne Kirista suke cewa game da ƙarshen zamani da dawowar Almasihu, kuma ya halatta Musulmi ya gaskata su, tunda shi ma yana jiran saukowar Annabi Isa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Kusan dukkan ɗarikun Kirista sun haɗu a kan cewa an gicciye Yesu, ya tashi a rana ta uku, aka ɗauke shi zuwa sama bayan kwana 40, kuma zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Mafi yawan wannan yana cikin shahadar bangaskiya da aka fara tsarawa a taron Nikiya na shekarar 325, wadda har gobe ake karantawa a coci. Alamomin da suke ambata suna babi na 24 na Linjilar Matiyu: yaƙe-yaƙe, yunwa, girgizar ƙasa da annabawan ƙarya.

Saɓaninsu ya fi yawa a kan shekara 1,000 ta mulkin Almasihu da ke babi na 20 na Wahayin Yahaya. Cocin Katolika, bisa fahimtar Agustin wanda ya rasu a 430, ba ta ɗauke ta a zahiri ba. Wasu kuwa suna jiran mulki na gani da ido a bayan ƙasa. Cikinsu akwai masu aƙidar fyaucewa, wato za a ɗauke masu bi zuwa sama farat ɗaya kafin babban tsanani, direba ya ɓace a kan sitiyari, manomi ya bar fartanya a gona. John Nelson Darby ne ya yaɗa wannan fahimta tun daga shekarun 1830, kuma tana da ƙarfi a Amurka da cocin Fentikos da dama a Najeriya.

An kuma sami masu yanka rana. Mabiya William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba, 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu, 2011, shi ma haka. Adalci shi ne a faɗa cewa mafi yawan malaman Kirista sun ƙi wannan, don Linjilar Markus kanta ta nuna ba wanda ya san sa'ar sai Allah.

A Musulunci, saukowar Annabi Isa tabbatacciya ce da hadisai ingantattu. Muslim ya ruwaito daga Nawwas ɗan Sam'ana cewa zai sauka a farar hasumiya gabas da Dimashƙa, ya kashe Dujal a ƙofar Luddu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa zai yi hukunci da adalci, ya karya gicciye. Bawan Allah ne zai dawo, wanda ba a kashe ba, ba a gicciye ba, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar, kuma zai rasu Musulmi su yi masa salla. Hisabin bayi kuwa na Allah ne Shi kaɗai.

Saboda haka hukuncin ya bi ƙa'idar da Ibn Kasir ya kawo kan labaran Ma'abota Littafi. Abin da ya dace da nassi, kamar asalin dawowar, ana gaskata shi don Alƙur'ani da Sunna sun zo da shi. Abin da ya saɓa, kamar allantakar Yesu, gicciye shi, da cewa shi ne alƙalin ranar sakamako, haramun ne a ƙudurce shi. Abin da nassi ya yi shiru a kansa, ba a gaskata shi, ba a ƙaryata shi. Yanka rana kuwa ɓatacce ne ko daga bakin wa ya fito, ko da mai rawani ne, bisa aya ta 187 ta Suratul A'araf.

Karanta littattafansu ya halatta ga mai ilimin da zai bambance, kuma tattaunawa da maƙwabci Kirista sai ta hanya mafi kyau, ban da izgili. Allah ne Mafi sani.