Rufin Asiri da Dukiyar Jama'a

A cikin addu'o'in da Bahaushe ya saba yi wa kansa da 'yan'uwansa, da wuya a sami wadda ta fi "Allah ya rufa asiri" yawo a bakin mutane. Tun muna yara aka hore mu da cewa mutumin kirki ba ya kwance wa wani zane a kasuwa, in ya ga aibin ɗan'uwansa sai ya ja shi gefe ya gaya masa, ko kuwa ya kau da kai. Saboda haka ne in wani wakili na jam'iyyar hamayya ya miƙe a zauren Majalisa ya tsare Minista da tambaya, yana cewa nawa aka sayi kaza, wa aka ba kwangilar, me ya sa aka tsallake mai araha aka ɗauki mai tsada, sai ka ga dattawa da yawa sun ɓata fuska. Su ce wannan tonon silili ne, hassada ce ke cinsa, ba don Allah yake yi ba, kujerar Ministan yake so. Galibi kuwa ba su yi masa ƙarya ba, kujerar yake so. Abin da ya kamata a tsaya a auna shi ne, in har nufinsa ke nan, aikin nasa alheri ne ga jama'a ko kuwa sharri?

Da farko sai mu tambaya, asirin wa ake cewa a rufa? Akwai aibin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, wanda bai cuci kowa da shi ba sai kansa, shi ne aka umurce mu da suturtawa. Amma kuɗin baitulmali yana da masu shi, watau manomi da mahauci da mai tallan goro waɗanda aka karɓi haraji a hannunsu, kuma ba ɗayansu da ke wurin sa'ad da ake sa hannu a takardar kwangila. In aka cuce su a cikin ɗakin nan, sa'an nan aka ce a yi shiru don kunya, to an tuɓe wa mutum dubu riga ke nan don a suturta mutum guda. Malamai ba su bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 inda ambaton laifin mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, cikinsu har da kai ƙarar azzalumi wurin mai ikon hana shi, da neman taimako don gusar da ɓarna. An kuma ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar an raba wa Musulmi tufa, kowa ya sami ƙyalle ɗaya, sai aka ga Halifa ya hau mumbari sanye da abin da ya fi rabon mutum guda. Wani daga cikin jama'a ya ƙi saurara sai an gaya masa inda ƙarin ya fito. Umar bai sa an kama shi ba, bai kuwa tambaye shi abin da ke cikin zuciyarsa ba. Ɗansa Abdullahi ya kira, shi kuma ya shaida cewa nasa rabon ne ya ba mahaifinsa, magana ta ƙare.

To, wani zai ce ai Gwamnati tana da nata masu bincike, ga Odita ga akawuna, mene ne na jawo abokin gaba cikin sha'anin? Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san amsar. Yawancin aikin mai binciken lissafi shi ne ya duba ko boca ta dace da rasit, ko rasit ya dace da abin da aka shigar a littafi, ko wanda ya sa hannu shi ne mai ikon sawa. Ana iya sayen buhun siminti ɗaya a kuɗin buhu biyu, takardu kuma su fito tsaf ba ko ɗigon kuskure. Ko da Oditan ya hango ya rubuta, rahoto ba shi da baki, in bai sami wanda zai ɗauke shi ya karanta da ƙarfi a gaban jama'a ba, sai gara ta cinye shi a kabad. Ɗan jam'iyyar Minista kuwa, ko da mai gaskiya ne, tare suka ci zaɓe, tare za su faɗi, ga kuma so hana ganin laifi. A gidan mai mata biyu, ba wanda ya san yawan hatsin da aka ɗiba daga rumbu kamar wadda ba ranar girkinta ba ce. Ba ƙaunar maigida ce ta sa ta ƙidaya ba, amma ƙidayarta daidai take, rumbun kuma ya fi daɗewa.

Turawan Ingila sun gane wannan tun da daɗewa. A shekarar 1861 Gladstone, yana Ministan Kuɗi, ya sa Majalisarsu ta kafa kwamitin duba yadda aka kashe kuɗin jama'a, a 1866 kuma aka yi dokar da ta kafa ofishin Babban Odita mai kai rahoto ga Majalisa. Daga baya ta zama al'ada a ba ɗan hamayya shugabancin kwamitin nan. Watau da gangan suka kamo kishi, wanda ba hali ne abin yabo ba, suka ɗaura masa garma. Ƙasashe da yawa da Ingila ta mallaka sun gaji wannan tsari, har da Nijeriya da Indiya da Afirka ta Kudu.

Labarin Afirka ta Kudu ya isa a tsaya a kansa, domin ya nuna ƙarfin wannan tsari da rauninsa gaba ɗaya. A shekarar 1999 Gwamnatin jam'iyyar ANC ta ƙulla cinikin makamai na wajen Rand miliyan dubu 30: jiragen ruwan yaƙi 4 da masu tafiya ƙarƙashin ruwa 3 daga Jamus, da jiragen saman yaƙi daga Suwidin, da jiragen koyon tuƙi daga Ingila, da masu saukar ungulu daga Italiya. Aka yi wa jama'a alkawarin cewa cinikin zai haifar da ayyuka 65,000. A lokacin ANC tana da kujeru 266 cikin 400 na Majalisa, kuma ita ce jam'iyyar da ta sha ɗauri da gudun hijira don ƙwato 'yancin baƙar fata, saboda haka zarginta ya yi kama da butulci. Duk da haka a watan Satumba na shekarar nan wata mace mai suna Patricia de Lille, wadda jam'iyyarta kujeru 3 kacal gare ta, ta miƙe a Majalisa da takarda a hannu, ta ce akwai cin hanci a cinikin, ta nemi a yi bincike. Ba a fasa ba, aka sa hannu a watan Disamba.

Sannu a hankali abubuwa suka riƙa fitowa. Aka gano cewa jirgin koyon tuƙin nan na Ingila, mai suna Hawk, ya kusa ninka kuɗin wani na Italiya wanda mayaƙan sama suka fi so, kuma an zaɓe shi ne bayan an ajiye maganar kuɗi a gefe wajen awo. A shekarar 2000 Babban Odita ya kai rahoto, kwamitin duba kuɗi na Majalisa, wanda Gavin Woods na jam'iyyar Inkatha ke shugabanta, ya nemi a yi babban bincike, a sa har da ma'aikatan Mai Shari'a Willem Heath. A watan Janairu na 2001 Shugaba Thabo Mbeki ya ƙi yarda a sa Heath. Andrew Feinstein, wanda ke jagorantar 'yan ANC a kwamitin, ya dage sai an bi diddigi, aka tuɓe shi daga jagorancin, kafin shekara ta ƙare ya bar Majalisa. Woods ma ya ajiye shugabancin a 2002.

A nan akwai abin da masu yabon hamayya kan manta. De Lille ta yi jaruntaka, amma tambayar ba ta raba ta da kujerarta ba, suna ma ta ƙara mata. Feinstein kuwa 'yan'uwansa ya tambaya, ya rasa muƙami, ya rasa abokai. A ganina, in ana rabon lada, nasa ya fi nauyi. Kuma ɗan hamayya iyakar ikonsa ya buɗe baki, ƙuri'a tana hannun masu rinjaye, in ba a sami 'yan kaɗan daga cikinsu masu jin kunyar amsar banza ba, sai tambaya ta mutu a cikin zaure. Amma fa Feinstein da wuya ya sami wurin tsayawa da ba a sami wata daga waje ta fara fasa ƙwan ba. Maganar kuwa ba ta mutu ba. A 2003 kotu ta sami Tony Yengeni, wanda ya riƙe muƙamin Babban Mai Tsawatarwa na ANC, da laifin yaudarar Majalisa, domin ya ɓoye rahusa mai yawa da wani kamfani mai hannu a cinikin ya yi masa a kan mota Mercedes-Benz. A 2005 aka ɗaure Schabir Shaik, mai ba Jacob Zuma shawara kan kuɗi, shekara 15, Mbeki kuma ya sauke Zuma daga Mataimakin Shugaban Ƙasa. Hukumar Mai Shari'a Seriti da aka naɗa a 2011 ta ce a 2016 ba ta ga shaidar cin hanci ba, amma a 2019 Babbar Kotu ta soke hukuncin hukumar, ta ce ba ta yi binciken da aka sa ta ba. Shekara 20 ke nan bayan macen nan ta miƙe.

Kada mai karatu ya ɗauka na wanke ɗan hamayya sarai. Doka ta ba wakili kariya, ba a kai shi kotu a kan abin da ya faɗa a zauren Majalisa, wannan kuwa wuƙa ce aka ba shi amana. In ya ambaci sunan mutum ba hujja, ƙazafi ya yi, ko da doka ba ta kama shi ba, kuma in ya yawaita ihun kura babu kura, ranar da ta zo ba mai fitowa. Niyyarsa tsakaninsa da Allah ce, ba mu da ma'aunin auna ta, amma hujjarsa muna da ikon aunawa, ita ce kuma ya kamata mu matsa masa a kanta. Ikon bincike kansa yakan zama abin ciniki. A 2012 Farouk Lawan, wakili daga Kano, ɗan jam'iyya mai mulki a lokacin, ya shugabanci binciken kuɗin tallafin man fetur a Majalisar Wakilai, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Daga baya kotu ta same shi da karɓar Dala 500,000 don a cire sunan wani kamfani daga rahoton, a 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da ɗaurin shekara 5.

Wanda ya ji wannan ya ce to ai gara a rufe Majalisar a huta da hayaniya, sai ya tuna cewa an taɓa gwadawa. Daga Janairu 1966 har Oktoba 1979 Nijeriya ba ta da Majalisar Tarayya, soja ke mulki, ba wakilin da zai miƙe ya ce nawa. A cikin wannan tsakani, sa'ad da kuɗin man fetur ya yi yawa, ma'aikatun Gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan Ma'aikatar Tsaro, alhali kuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan 1 na siminti a shekara. A 1975 jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, suka tare wa sauran kayan masarufi hanya, kowane jirgi ana biyansa kuɗin jira kullum safiya, waɗansu har wata da watanni. Simintin da ke cikin waɗansunsu ya sha danshi ya daskare ya zama dutse tun ba a sauke shi ba.