Shiru a Cikin Ciniki, Ƙarya Ne?

Wani ɗan'uwa yana da gida a Karaye. Da ya koma Rogo domin ya riƙe gonar mahaifinsa, sai ya sa gidan a kasuwa. Damina biyu ta wuce ba a saya ba. Dalili kuwa shi ne, idan ruwan Agusta ya kankama, danshi yakan taso daga tushen ginin, har bangon ɗakin baya ya tsage. Duk wanda ya zo dubawa yakan nuna masa wurin, mai saye ya tafi bai dawo ba. Ga kuɗin makarantar yara, ga bashin taki. Sai dillali ya ce masa, "Malam, toshe tsagar da siminti, ka shafa fenti, mu jira rani. Ba ƙarya ka yi ba, shiru ka yi."

Ƙaunatattu, ba kowane shiru ne zunubi ba. Ba dole ne mai sayarwa ya bayyana matsuwarsa ko farashinsa na ƙarshe ba, gama wannan sirrinsa ne. Amma tsagar bango ba sirrinsa ba ce, domin 'ya'yan wani ne za su kwana a ƙarƙashinta. Yaɓen da aka yi domin a rufe idon mai saye magana ce, ko da baki bai motsa ba. Ga ma'auni: za ka so mai sayen ya tsaya kusa da kai sa'ad da kake yaɓen? In za ka so, gyara ne. In ba za ka so ba, yaudara ce.

Littafin Firistoci 25:14 ya hana mu cutar juna a saye da sayarwa. Annabi Irmiya kuma, a sura 32, ya sayi gona a Anatot a bakin shekel 17 na azurfa, lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima. Kwanakin wahala ne, duk da haka ya auna kuɗin a ma'auni, ya kira shaidu, aka rubuta takarda. Matsi bai zama hujjar yin ciniki a duhu ba.

Kada mu ruɗi kanmu cewa gaskiya ba ta da tsada. Mai yiwuwa ɗan'uwan nan ya rage farashi, ko ya kashe kuɗi ya gyara tushen ginin, ko ya ba da haya ya ƙara jira. Kowanne asara ne, amma asarar da ake ƙirgawa da naira. Ɗayar asarar kuwa ba ta ƙirguwa. Rani zai wuce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ranar da ruwa ya tona yaɓen, mai saye ba zai tuna da dillali ba. Zai ce, "Ai Kirista ne ya sayar mini."

Ya Ubangiji, ka ba mu haƙurin jira, ka tsare hannuwanmu daga rufe abin da ya kamata mu nuna. Amin.