Muhalli A Cikin Hamada: Darasi Daga Arlit

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɓoye arziki a ƙarƙashinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu leƙa gundumar Arlit da ke cikin hamada a Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Wannan wuri ba ƙasar noma ba ce, shekara takan zagayo ba a sami ruwan sama na kirki ba. Abin da ya tara jama'a a can shi ne ma'adinin yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙarsa a 1971, kana COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. Nan da nan Abzinawa da Hausawa da Zabarmawa suka yi ta kwarara neman abinci.

Ma'aikata na dindindin an gina musu gidaje masu ruwa da lantarki, ga kuma asibiti. Amma leburori da 'yan tireda da masu ga-ruwa sai suka raɓa a gefen gari, har akwai unguwannin da ake kira Bukoki, sunan kansa ya isa bayani. Ana nan sai ranar 31 ga Maris, 2021 ta zo, ranar da COMINAK ya rufe rami saboda ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Wanda gidansa ke rataye da aikinsa, a ranar ya gane ashe shi baƙo ne.

To, me addini ya ce? A cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Ya lissafa gidaje a cikin ni'imominSa, Ya ce wurin natsuwa ne. Watau muhalli ba ƙawa ba ne, larura ce kamar ci da sha. A Suratu Ibrahim kuwa, aya ta 37, Annabi Ibrahim (A.S.) ya zaunar da iyalinsa a kwarin da babu shuka. Ku lura da jerin roƙonsa: tsai da salla, kana karkatowar zukatan mutane gare su, sa'an nan 'ya'yan itatuwa. Zukata suka riga abinci. Lalle garin hamada ba ya zaunuwa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗai, sai da tausayin da ke tsakanin mazaunansa.

Saboda haka, kai mai gidan haya, karɓar kuɗin haya halal ne, babu mai ja. Amma Suratul Baƙara, aya ta 280, ta umurci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Fitar da magidanci da 'ya'yansa cikin zafin rana, a inda ko inuwar itace ba a samu, ba halin mumini ba ne. Kai kuma ɗan haya, in kana da hali ka biya, domin jinkirin mai hali zalunci ne, kamar yadda ya inganta a hadisi.

Ku mawadata, ku tuna Sayyidina Usman ɗan Affan (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya yi wakafinta ga jama'a. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka, rijiya guda ko ɗakunan wakafi domin marayu da zawarawa sun fi tsawon bene amfani gobe kiyama.

Kai ma'aikaci mai albashi, karanta Suratu Yusuf: shekaru bakwai na yalwa, bakwai na fari. Tun rami yana bayarwa, nemi ɗan fili ka aza tubali, ko da ɗaki biyu ne. Kowane rami yana da ƙarshe.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba marasa muhalli muhalli, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.