Ba Kowane Tsuntsu Ne Ɓarawon Dawa Ba

Mai karatu, ka taɓa zama a tsakar gida da sassafe, lokacin hunturu, ka ajiye kome na ɗan lokaci, ka dubi tsuntsayen da suke sauka? A Gadarif, a gabashin Sudan, watannin Disamba da Janairu ne suka fi dacewa da irin wannan zama. Ruwan sama ya ɗauke tun wajen Oktoba, baƙar ƙasar nan ta fara tsagewa, iskar arewa kuma tana kawo ɗan sanyi kafin rana ta ɗaga. An riga an yanke riɗi, ana kan girbin dawa. Idan ka zuba ruwa a kasko ka ajiye a gindin darbejiya, ka koma gefe ka yi shiru, ba za ka daɗe ba za ka yi baƙi. Kurciya takan fara zuwa, tana tafiya a hankali. Sai gwara su sauko da hayaniyarsu. Hankaka yana kan katanga yana lura da kowa, shirwa kuwa tana can sama tana shawagi.

Wani zai ce, wannan ai aikin marar aikin yi ne. Amma wanda ya jure wannan zama na 'yan kwanaki zai iske wata tambaya tana jiransa, wadda ta shafi zamanmu da mutane. Tambayar ita ce, sa'ad da waɗansu suka yi mana ɓarna, daidai ne mu hukunta dukan waɗanda suka yi kama da su?

Bari mu fara jin ta bakin manomi, gama shi ne abin ya fi shafa. Gadarif tana cikin manyan rumbunan hatsi na Sudan. Tun a shekarun 1940 aka fara noman injin a filayenta, dawa da riɗinta kuwa suna ciyar da mutane masu yawa. Manomin wannan ƙasa yana da maƙiyi wanda ya sani sarai, wato jan-baki. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, nauyinsa wajen giram 20, amma masana sun ce a cikin tsuntsayen jeji babu wanda ya kai shi yawa a duniya. Garkensa yakan taso kamar hayaƙi, ya sauka a gonar da ta nuna, ya bar zangarniya wayam. Mutumin da ya ci bashi ya yi shuka, ya biya masu ciyawa, ya jira wata huɗu, sa'an nan ya ga wannan a rana guda, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce duk mai fiffike ɓarawo ne. Tsoronsa na gaskiya ne, asararsa ma ta gaskiya ce.

Duk da haka, abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne. Ka fita bayan gari da yamma, ka tsaya a bakin ɗaya daga cikin tafkunan da aka haƙa domin tara ruwan damina, waɗanda ake kira hafir, ko ka gangara bakin kogin Rahad, ka duba da kyau. Ga belbela tana bin shanu, tana cafke ƙwarin da kofatonsu ya tayar, shi ya sa ake mata kirari da ci da motsin wani. Kusa da ita za ka ga wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, yana gudu a ƙasa yana kaɗa jela. Wannan daga Turai ko Asiya ya zo, ya ƙetare hamada, abincinsa kuwa ƙwari ne. A sama, tsattsewa tana kama ƙananan ƙwari a cikin iska. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo domin dawarka.

Ga kuma shamuwa. Wadda muka saba da ita, baƙar nan mai farin ciki da take yin sheƙa a itatuwan gari, wadda Larabawan Sudan suke kira simbiriya, ta riga ta tafi kudu tun ƙarshen damina. Amma tana da 'yar'uwa fara, wadda ta fi ta girma, mai jan baki da jajayen ƙafafu. Ita wannan takan bar ƙasashe irin su Foland da Jamus a watan Agusta. Ba ta son ƙetare babban teku, domin iska mai zafi da take tashi daga ƙasa ce take ɗaga ta sama. Saboda haka sai ta kewaya ta Turkiyya, ta bi gabashin Bahar Rum, ta shiga Masar, ta bi kwarin Nilu har filayen Sudan. Waɗansu su tsaya a nan, waɗansu su zarce kudu. Me take nema bayan tafiyar dubban kilomita? Fāra da sauran manyan ƙwari, har da ɓeraye. Wato abin da yake cin gonar manomi, shi ne abincinta.

Ga abin mamaki. Jan-baki ba baƙo ba ne, ɗan Afirka ne, a nan ake ƙyanƙyasarsa, yawancin abincinsa ma ƙwayar ciyawar jeji ce. Waɗanda suka zo daga nesa kuwa, da yawa cikinsu masu taimako ne. Ba ana cewa ɗan gida mugu ne, baƙo kuma nagari ba. Akwai baƙin tsuntsaye, kamar dangin gauraka masu launin toka da suke zuwa Sudan daga Yukren da kudancin Rasha, waɗanda su ma sukan ci hatsi a gonaki. Abin da ido yake koya mana shi ne, inda tsuntsu ya fito ba ya gaya maka abin da zai yi. Sai ka duba.

To, me yakan faru idan aka ƙi dubawa? A ƙasashen Afirka da dama, an daɗe ana yaƙi da jan-baki ta wurin feshi daga jirgin sama, da wani magani mai suna fenthion, a kan itatuwan da yake kwana. Maganin ba ya tambayar suna. Yakan kashe waɗansu tsuntsayen da suke wurin, shirwa da shaho kuma da suka ci gawar su ma su kamu. A ƙasar Sin an yi abin da ya fi wannan. A shekara ta 1958 gwamnati ta sa gwara cikin abubuwa huɗu da za a kawar, tare da ɓera da ƙuda da sauro, domin tana cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da tukwane, suka hana ta sauka har ta riƙa faɗuwa don gajiya. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, gwara tana ciyar da 'ya'yanta da ƙwari. Da ta ragu, ƙwari suka yi yawa a gonaki. A 1960 aka janye umarnin, amma ƙasar ta riga ta shiga babbar yunwar 1959 zuwa 1961. Dalilan wannan yunwa suna da yawa, kashe gwara kuwa ya ƙara mata nauyi. Hukuncin da ba a yi bincike kafinsa ba yakan dawo kan mai yinsa.

Yanzu bari mu komo ga mutane. Gadarif gari ne na masu zuwa. Hausawan da suke nan, kakanninsu da yawa a kan hanyar Makka suka yada zango suka zauna. Waɗansu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifi garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kowace kaka, ma'aikata sukan zo yankan riɗi da dawa daga Habasha da sauran sassan Sudan. A Nuwamba 2020, da yaƙi ya ɓarke a Tigray, dubban mutane suka ƙetaro iyaka, aka sauke da yawansu a sansanin Um Rakuba. Bayan 15 ga Afrilu 2023 mutanen Kartum suka iso da abin da hannu ya iya ɗauka, a Disambar wannan shekara kuma na Wad Madani suka biyo baya. Makarantu suka zama masauki, kuɗin haya ya hau, ruwa ya yi wuya.

A irin wannan hali zuciya takan yi maganar manomin nan. An yi sata a unguwa, sai a ce mutanen nan da suka zo ne. Wani daga wata kabila ya ɗauki bindiga, sai a fara kallon mai sayar da shayi na kabilar da wani ido. A shekarun yaƙin nan an ji labarin mutanen da aka zarga saboda fuskarsu kawai, ko lafazinsu, ko garin da aka rubuta a takardarsu. Bahaushen Sudan ya san ɗacin wannan. A rikicin da ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, an kira mutane baƙi a ƙasar da aka haifi iyayensu, rayuka da yawa kuma suka salwanta. Wanda ya ɗanɗana wannan, yaya zai juya ya yi wa wani?

Za ka iya cewa, ai wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma lokacin haɗari ba lokacin tantancewa ba ne. Akwai gaskiya a nan. Ba wanda ya ce manomi ya naɗe hannu jan-baki ya cinye masa gona, ba kuma wanda ya ce mai gida ya bar ƙofarsa a buɗe da dare. Tsare abin da yake naka wajibi ne. Amma tsaro dabam, hukunci dabam. Kana iya kulle ƙofa ba tare da ka ce maƙwabcinka ɓarawo ne ba. Hausawan da suka yi maganar wake, su ne kuma suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shi, ba dukan tsuntsayen da suke kan itacen ba.

Akwai ma inda misalin tsuntsu ya kāsa, kuma a nan ne nauyin ya fi girma a kanmu. Ɗan jan-baki jan-baki ne, abin da uwarsa ta ci shi zai ci, don haka in ka san irinsa ka san halinsa. Mutum ba haka yake ba. Ɗan ɓarawo yana iya zama amintacce, ɗan mutumin kirki kuma ya lalace. Mahalicci ya ba kowane mutum zaɓi, shi ya sa kowa yake ɗaukar alhakin aikin hannunsa. Idan kuskure ne a yi wa tsuntsaye kuɗin goro, alhali su ma iri iri ne, to balle mutane, waɗanda ko 'yan ɗaki ɗaya ba halinsu ɗaya ba?

Dubawa tana da tsada. Tana bukatar lokaci, da haƙuri, da yarda cewa mai yiwuwa abin da na ɗauka da fari ba haka yake ba. Ya fi sauƙi a ce "su" a wuce. Amma adalci ba ya yiwuwa sai da wannan wahala. Mai kallon tsuntsaye a rana ta fari duk ƙananan masu launin ƙasa ɗaya ne a idonsa. Bayan mako guda sai ya fara rarrabewa, wannan bakinsa kauri ne domin fasa ƙwaya, wancan nasa siriri ne domin kama ƙwaro. Idonsa bai sāke ba, haƙurinsa ne ya ƙaru.

Ɗan'uwa, gobe da safe ka zuba ruwa a kasko, ka zauna minti 15, ka ƙirga iri nawa za su zo, ka lura da abin da kowanne yake ci. Sa'an nan ka tuna da iyalin nan da suka sauka a layinku, waɗanda har yanzu kake kira da sunan kabilarsu ko garinsu. Ka san sunan mai gidan? Ka san aikin da yake yi kafin ya bar gida? Idan ba ka sani ba, ka je ka gaishe shi, ka tambaya. Allah ya ba mu haƙurin dubawa kafin mu buɗe baki.