Zoɓo da Kanwa a Gaban Jama'a

Duk matar da ke sayar da zoɓo a Aboabo ko Sawaba a Kumasi ta san lemon tsami yana ƙara masa ja. Abin da ba kowa ya gwada ba shi ne kanwa. A tsiyaya zoɓo a kofin gilashi, a ƙara ruwa har a riƙa hangen yatsa ta cikinsa, sannan a ɗiga ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa. Nan take jan zai gudu, ruwan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. A matsa lemon tsami a kai, sai ya ɗan yi kumfa, jan ya dawo. Kuɗin kayan duka bai kai na koko da ƙosai ba.

Wannan abu in ya faɗa hannun mai rufa-ido a bakin kasuwar Kejetia, to ya sami jari. Zai tara mutane, ya yi surkulle, ya ce ga ruwan da ke tona sammu a jikin mutum, ya sayar da kwalabe. In ya faɗa hannun mai nuna kimiyya, shi ma taro zai yi, shi ma zai ja wa mutane rai kafin ya ɗiga kanwar, don aikin yana son iya riƙe jama'a. Bayan an ce "kai!" ne hanyarsu take rabuwa. Na farko zai tattara kayansa ya hana a leƙa jaka. Na biyu zai dubi yarinyar da ke gaba ya ce, "Ƙanwata, zo ki yi da hannunki." Zai gaya mata launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon abin da ya gauraya da shi, mai tsami ne ko dangin kanwa, kumfar kuwa iska ce da ke fita in su biyun suka haɗu. Ta je gida ta gwada da toka, da sabulu, da ruwan tsamiya.

A wasu ƙasashe wannan sana'a ce sukutum, kuma matasa ake ɗauka su koye ta. Gidan kimiyya na Exploratorium, wanda Frank Oppenheimer ya buɗe a San Faransisko ta Amurka a 1969, 'yan sakandare yake sa wa su tsaya cikin baƙi suna nuna abubuwa suna amsa tambaya. Tun kafin nan akwai Michael Faraday a Ingila, ɗan maƙeri mai koyon ɗinkin littattafai. A 1812 ya je kallon laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, a 1813 ya zama yaronsa mai wanke kwalabe da shirya kayan gwaji, daga nan ya zama masanin da lantarki da janareto suke bin bayan aikinsa. Laccocin yara na lokacin Kirsimeti da aka fara a gidan da yake aiki a 1825 har yau ana yin su. Shi da kansa ya taɓa yin zama shida a gaban yara a kan kyandir kaɗai.

Kyandir ɗin kuwa ba abin rainawa ba ne, domin shi ke tona asirin ɗalibin da ya yi hadda bai gane ba. Ana kafa shi a faranti, a zuba ruwa kaɗan, a kunna, a kifa kofin gilashi a kai. Wutar za ta mutu, ruwan ya hau cikin kofin. Bayanin da aka saba ji shi ne wai wuta ta cinye oksijin, wanda yake kashi 21 cikin 100 na iska, sai ruwa ya maye gurbinsa. Magana ce mai daɗin ji, kuma an sha ba da maki a kanta. To sai wani yaro mai ƙiriniya ya ce, "Yaya, a sa kyandir uku mana." A sa uku, ruwan ya fi hawa. Ina ƙarin oksijin ɗin ya fito, alhali kofi ɗaya ne? Wani kuma ya lura ruwan ba ya yunƙurawa sosai sai bayan wutar ta mutu. Gaskiyar maganar, wuta tana zafafa iskar ta kumbura, wata ta tsere ta ƙarƙashin kofin. Da wutar ta mutu sai ragowar ta huce ta tsuke, iskar waje ta danno ruwa ciki. Rabon oksijin a hawan ruwan kaɗan ne.

Ɗalibin da aka kama a nan hanya biyu gare shi. Ko ya daka wa yaron tsawa ya lulluɓe maganar da manyan kalmomin Turanci, wanda rufa-ido ne shi ma, sai dai na masu takarda. Ko ya ce, "Ka kawo magana, mu sake gwadawa mu gani." Wanda ya iya faɗin haka a gaban taro bai ji ƙasa ta tsage ba, shi ya fara koyon aikin. Shi ya sa nake ganin mai tsayawa a bayan teburin ya fi masu kallo ƙaruwa. A jarrabawa malami ɗaya ne ke tambaya, kuma ya san amsar da yake jira. A gaban jama'ar Zango kuwa, Hajiya mai sayar da shinkafa da wake za ta ce, "Ɗana, to me ya sa karan dafi ya fi sakin launi in na sa kanwa, wake kuma ya fi saurin nuna?" Ta yi shekaru tana ganin abin a tukunyarta, ba a yi mata kame-kame, kuma da Hausa take son amsa.

Kumasi ba ta rasa gidajen tarihi ba: akwai na fadar Manhyia, akwai na Prempeh II, akwai na soja a tsohuwar ganuwar Turawa. Duka labarin sarauta da yaƙi suke bayarwa. Gidan kimiyya da fasaha na ƙasa yana Akra, a can ne kuma Dokta Jacob Ashong ya buɗe ɗakin kallon taurari a 2009. Tafiyar kilomita kusan 250 ce, ba kowane uba a Asawase zai iya biya wa 'ya'yansa motar ba. Gasar kacici-kacicin kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda Kwalejin Prempeh ta fara cinyewa a 1994, muna kallonta muna ihu, kuma ta cancanta. Amma gasa ce ta saurin ƙwaƙwalwa da baki, ta zaƙaƙurai 'yan kaɗan. Yaron da ke taya babansa aikin walda bayan an tashi makaranta ba ta nan zai shigo ba.

Alhali jami'ar kimiyya ta Kwame Nkrumah tana nan kusa, motar haya ɗaya ko biyu daga Asokore Mampong, kuma 'ya'yan Zango suna cikinta. A nan Kumasi ne Charles Ofori Antipem da abokin aikinsa suka ƙera ɗan akwatin gwajin kimiyya wanda bai fi littafi girma ba, yaro ya sa a jaka. Ashe ba sai an jira gini ba.

Majalisar gundumar Asokore Mampong, wadda aka kafa a 2012, tana karɓar masu bautar ƙasa, haka makarantun yankin. A ware kaɗan daga cikin waɗanda suka karanta kimiyya, a ba su tebur da rumfa ran Asabar. Malaman makarantun Islamiyya su ara musu farfajiya bayan la'asar, da babba a kusa saboda wuta. Sharaɗi biyu kawai za a gindaya musu: su yi bayani da harshen da iyaye ke ji, kuma kada a tashi sai yara sun taɓa kayan da hannunsu. Ku ɗalibanmu da ke dawowa hutu, ku ba sai kun jira takarda daga ofis ba. Ku fara da yaran gidanku.