Gidan da Baba Yake Nema

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da gigin tsufa ya kama ya san wannan magana: "Zan tafi gida." Tsoho yana zaune a tsakar gidan da ya gina da guminsa, jikoki na wasa a gabansa, amma da la'asar ta yi sakaliya sai ya lalubi takalmansa da sandarsa ya nufi zaure. A ce masa, "Baba, ai nan ne gidanka," ya dubi mai maganar kamar baƙon da ya tare masa hanya. Likitoci sun san dalili. Cutar tana fara cinye sabon abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye, tsohon kuwa sai daga baya take kai gare shi. Shi ya sa mutum zai manta ya ci tuwo yanzu, amma ya lissafo maka sunayen abokan da suka yi kiwo tare yana yaro.

A yankinmu na Tiga maganar tana da wani nauyi na daban. Tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka datse Kogin Kano aka gina madatsar ruwan Tiga, dubban mutane suka tashi daga gidajensu da gonakinsu aka sake musu matsuguni. Saurayin da yake ɗan shekara 20 a lokacin, yau ya haura 70. Idan irin wannan dattijo ya ce zai tafi gida, mai yiwuwa gidan da yake nufi yana ƙarƙashin ruwa. Komai biyayyar ɗansa, komai kuɗinsa, ba zai iya kai shi can ba. To, tunda gidan da yake nema ya fi ƙarfinmu, wane irin gida ne yake bin mu bashi?

Kafin amsa, ya kamata mu kira abin da sunansa. Gigin tsufa, ko cutar mantuwa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, ana samun kusan miliyan 10 sababbi duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, irin tamu. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haifarwa. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, sai masu rage alamomi na ɗan lokaci. Amma wani ruɗewar yakan zo ne daga ciwon mafitsara, ko ƙarancin wani sinadari a jini, ko illar magungunan da tsohon ke sha, kuma wannan yana jin magani. Saboda haka matakin farko shi ne a ga likita, ko da zai kai ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Rikicewar da ke ƙaruwa da almuru, wadda mu kan ɗora wa iska, sananniyar alama ce ta cutar a ko'ina cikin duniya.

A Ingila ko Amurka, idan ciwon ya yi nisa, iyali kan zauna su zaɓi gidan kula da tsofaffi. Su ziyarci wannan, su ziyarci wancan, su tambayi yawan ma'aikata, su leƙa banɗaki, su duba ko ƙofa tana da tsaro. Iyali a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ba su da irin wannan jeri a gabansu. Gidan gajiyayyu na Shahuci da ke birnin Kano, mutane na yi masa kallon mafakar wanda ba shi da kowa. Gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018 ta fara aiki a 2021, amma daren tsohon da ya ƙi barci a Tiga yana hannun mutanen gidansa. Mu kuma muna alfahari da haka. Mukan ce Bahaushe ba ya kai iyayensa gidan tsofaffi. Alfaharin yana da tushe mai kyau, domin Alƙur'ani ya ambaci shekarun da mutum kan koma bai san komai ba bayan ya sani, ya kuma haɗa kyautata wa iyaye lokacin tsufansu da umarnin bauta wa Allah.

Sai dai mu tambayi kanmu: da muka ce "muna riƙe da Baba a gida," su waye "mu"? Gidan kula da tsofaffi yana nan a kowace unguwa, ba shi da allo a ƙofa ne kawai. Mace ɗaya ce. Wani lokaci matar tsohon ce, ita ma gwiwa ta ƙi. Wani lokaci 'yarsa ce da aure ya mutu ta dawo gida, aka ga ai ba ta da abin yi. Wani lokaci matar ƙaramin ɗa ce, wanda bai samu ya fita birni ba. Wani lokaci jika ce 'yar shekara 13 da aka ce ta ɗan dakata da makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan cuta. Aikin da a asibiti ake raba wa ma'aikatan safe, na rana da na dare, ita kaɗai take yi, shekara da shekaru, ba albashi, ba hutu. Mu da ke Kano ko Abuja mu turo kuɗin magani ta waya, mu zo da Sallah, a yi mana addu'ar 'ya'ya masu albarka.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma akwai darasin da ake koya mana tun farko: tsarin da rayuwarsa ta rataya a kan na'ura ɗaya tak, faɗuwarsa lokaci kawai take jira. Ba a ɗora wa na'urar laifi, wanda ya tsara ake tuhuma. Ranar da mai jinya ta gaji har ta daka wa tsohuwa tsawa, ko ta ja ƙofa ta sa kwaɗo don ta samu barcin awa biyu, dangi kan taru a kanta. Babu mai tambayar wanda ya tsara a bar mata kayan ita kaɗai, alhali kakanninmu sun riga sun faɗa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai tambaya mai zurfi a ƙarƙashin wannan, wadda masana falsafa suka daɗe suna ja-in-ja a kanta. Wanda ya manta kansa, shi ne har yanzu? A ƙarshen ƙarni na 17 John Locke ya ɗaure kasancewar mutum shi ne shi da iya tuna abin da ya yi a baya. A 1993 Ronald Dworkin ya ce burin da mutum ya bayyana yana da hankalinsa shi ya kamata a bi, ko da wanda ya zama yanzu yana son wani abu daban. Rebecca Dresser ta mayar masa da martani a 1995, ta ce wanda ke gabanmu yana jin daɗi yana jin zafi, shi ne ya fi cancantar a duba. Wannan muhawara tana faruwa a zaurukanmu ba tare da sunayen Turawa ba. Baba ya taɓa cewa, "Ko na tsufa, kada a fitar da ni daga ɗakina." Yanzu ɗakin yana kusa da ƙofar waje, ya fita sau biyu da tsakar dare, sau ɗaya aka tsince shi a bakin titi. A cika masa wasiyyarsa ko a kare ransa?

A ganina, harshenmu ya ba mu mafita. Bahaushe yakan ce "ka riƙe masa mutuncinsa," ko "an zubar masa da mutunci." Wato mutunci abu ne da wasu ke riƙe maka. Masanin halayyar ɗan Adam Tom Kitwood na Ingila ya kai ga irin wannan fahimta a littafinsa na 1997 kan cutar mantuwa, inda ya nuna cewa matsayin mutum abu ne da na kusa da shi ke ba shi ta hanyar mu'amala. Da Baba ya ce kada a fitar da shi daga ɗakinsa, ba bango da rufi yake karewa ba. Tsoronsa kada a wulaƙanta shi, kada ya zama kaya. Wanda ya sauya masa ɗaki ya ci gaba da durƙusawa yana gaishe shi, ya cika alƙawarin. Wanda ya bar shi a ɗakin yana yi masa magana kamar yaron goye, yana ba da labarin fitsarinsa a gaban baƙi, ya karya alƙawarin ko da gadon bai motsa ba.

Wani zai ce, duk da haka gida gida ne, baƙo ba zai so iyayenka kamar kai ba. Gaskiya ne sau da yawa. Amma sau da yawa kuma abin da muke karewa kunyarmu ce, wato abin da mutane za su ce. Kunya ce ke sa a ɓoye tsohuwa a ƙuryar ɗaki don kada ta yi ɓaram-ɓarama a gaban surukai. Rashin sani ne ke sa a fara raɗa cewa mayya ce, don ta ambaci sunan mamaci ko an gan ta tana yawo da dare. A watan Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, duk ƙasar ta girgiza. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta leƙa bayan labule. Igiyar da aka ɗaure wa tsoho a ƙafa "don kada ya ɓata" mari ce, ko da ɗansa ne ya ɗaura.

Don haka shawarata ita ce mu ari tambayoyin da masu zaɓen gidan kula da tsofaffi ke yi, mu yi wa gidanmu. Mutum nawa ne ke jinya, kuma yaushe kowannensu ke barci? Wa ke zama da dare? An kiyaye rijiya, murhu da ƙofar waje ba tare da an mai da ɗaki kurkuku ba? Ana kiransa da sunan girmamawar da ya saba ji? Yana ganin rana, yana jin kiran salla, ana ba shi ɗan aikin hannu kamar ɓarar gyaɗa ko jan carbi? Yaushe likita ya gan shi? Idan da wani gidan kuɗi ne ya ba mu amsoshin da gidanmu zai bayar, za mu yarda mu bar mahaifinmu a can?

Idan amsar ba ta yi daɗi ba, gyaran yana hannunmu. A zauna a raba kwanaki, a rubuta, har da na birni. 'Ya'ya maza su karɓi wankan mahaifinsu da tsarkinsa, domin ɗora wannan a kan matar ɗa, wadda ko sunan surukinta ba ta iya faɗa, cin mutuncin mutum biyu ne a lokaci guda. Wadda ta bar sana'arta don jinya a yanka mata haƙƙi duk wata, kada a bar ta da "Allah ya ba da lada" kaɗai. Jika ta koma makaranta. A daina ɓoyewa: a gaya wa mai unguwa, liman, mai shayi da 'yan acaɓan bakin hanya, a ɗinka lambar waya a aljihun rigarsa. A garin da ke da ruwa a gefe guda, babban titi a ɗaya gefen, ga kuma dajin Falgore, idon maƙwabta ya fi kwaɗo amfani. A ƙasar Holan, a 2009, an kashe maƙudan kuɗi an buɗe wata unguwa mai suna Hogeweyk, mai kanti da wurin shan iska, inda masu cutar mantuwa ke yawo cikin waɗanda suka san halinsu. Ƙauyukanmu suna da wannan tun asali, in dai mun buɗe baki mun faɗi gaskiya.

Idan kuma an yi duk wannan abin ya faskara, ɗaukar mai jinya a biya ta, ko kwantar da shi a inda masana za su duba shi, ba cin amana ba ne, muddin ƙafarmu ba ta ɗauke daga wurin ba. Cin amana shi ne mu zaɓi abin da zai wanke sunanmu a idon gari, wata baiwar Allah ta biya da lafiyarta.

Ranar na zuwa da tsohon ba zai san ɗansa ba, ba zai gode ba, ba zai sa albarka ba. A ranar ne ake gane ko biyayyar don shi ake yi ko don a gani. Shi an ɗauke masa nauyin tunawa. Mu da muke tune da ko wane ne shi, nauyin yana kanmu, kuma adalci shi ne kowa ya kama gefensa.